Kada Ku Hori Jiki da Yunwa

'Yan'uwa ma'aikatan Bompai, waɗansunku ƙiba ta dame su, likita ya ambaci hawan jini. Sai su yini uku ba ci, suna tsaye gaban inji. Rana ta huɗu su cinye tuwon mutum biyu, su koma zargin kansu. Wannan ba tuba ba ce.

Ku tuna da Iliya sa'ad da ya gaji a jeji. Ubangiji bai tsauta masa ba, abinci ya aiko masa, ya bar shi ya yi barci.

Kwalbar lemo guda tana da sukari wajen ƙaramin cokali 9, ku sha ruwa maimakonta. Ku rage malmala, ku ƙara zogale. In an tashi aiki, ku sauka daga a-daidaita-sahu da ɗan nisa, ku taka sauran. Rabin kilo a mako ya isa. Mai ciwon sukari kuwa ya ga likita tukuna.