Bayan Ruwa Ya Janye, Saura Amana

 

Ya ku 'yan'uwana masu sana'ar hannu a Ajingi da Gaya da ƙauyukan kewaye, yau da ku nake magana: makanikan babura, masu walda, kafintoci, teloli, masu injin niƙa, da duk mai shago a zaure ko gareji a ƙofar gida. Kun fi ni sanin abin da damuna take yi mana. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ga kogin da ya ratso ta Wudil ya nufi Haɗeja kusa da mu, gine-ginenmu kuma galibi na ƙasa ne. A damunar 2022, wadda ambaliyarta ta ci rayuka sama da 600 a faɗin Najeriya, ɗaruruwan gidaje suka rushe a ƙaramar hukumar Ajingi, daga Toranke da Balare da Chula har cikin garin Ajingi. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar wa masu asara da mafi alheri.

Daren da ruwa ya shigo, babu bakin da ba ya ambaton Allah. Jarrabawar da nake jin mana tsoro ita ce ta washegari, lokacin da mutum ya buɗe ƙofar shagonsa ya tarar da taɓo har idon sahu, kayan mutane kwance a ciki, kuma babu mai ganinsa sai Ubangijinsa.

Ku fara da kiyaye rai. Katangar ƙasa da ta sha ruwa takan jira kwana biyu ko uku kafin ta faɗi, sau da yawa bayan rana ta fito an saki jiki. A duba gindinta kafin a shiga. A cire wayar wuta daga tushe, a kwance batir. Macizai da kunamu ma gudun ruwan suka yi, suna maƙale bayan tayoyi da ƙarƙashin katako. Maigida, ka ji tsoron Allah game da yaran shagonka! Kana tsaye a bakin ƙofa, ka tura ɗan mutane ciki ba takalmi, ga ƙusa mai tsatsa, ga fasasshiyar kwalba? Ubansa ya kawo maka shi ne ya koyi sana'a. Ka nemo masa takalmin roba, ko ka shiga da kanka.

Sai tsarki. Tun muna makarantar zaure aka karantar da mu cewa ruwan da ƙasa ce kawai ta sauya masa launi yana nan da tsarkinsa, amma wanda najasa ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya zama najasa. To ruwan ambaliya ta masai yake bi, ya bi ta turke da juji kafin ya iso shagonka. Tabarmar salla da buta da rigar aikin da ya taɓa, a wanke su da ruwa mai tsarki. Rijiyar da ya faɗa wa a yashe ta, ruwan sha kuma a tafasa, don wannan ne lokacin da amai da gudawa ke kwasar yara.

Yanzu ga inda zancen yake. Babur ɗin da ke garejinka ba naka ba ne. Injin ban ruwan nan na wani manomin rani ne da ya ci bashi ya saya. A mazhabarmu ta Malikiyya, mai sana'a yana lamunin kayan da aka bar masa, sai in akwai shaida cewa sun salwanta ba da sakacinsa ba. Ambaliya kowa ya gan ta, wannan uzuri ne a gare ka. Amma abin da ya biyo baya fa? Duk makanike ya san ba a tayar da injin da ya sha ruwa, don ruwa ba ya matsuwa kamar iska, fistin zai doke shi ya lalata cikin injin. Ya san a cire fulogi, a juye tanki, a zubar da baƙin man da ya koma fari-fari saboda ruwan da ya gauraye da shi, a wanke a busar a zuba sabo. Ya san tsatsa ba ta jiran mako. In ka san duk wannan, sai ka tsaya kwashe sifanoninka da janaretonka ka bar kayan jama'a cikin laka har suka ci tsatsa, wallahi kada ka ce ƙaddara ce. Sakaci ne, kuma akwai biya a kanka.

Abin da ya fi wannan muni shi ne ɓoyewa. A wanke babur ya yi ƙyalli, a miƙa wa mai shi ba a ce masa komai ba, ko a kai kasuwar Gaya ko ta Wudil a sayar wa baƙo. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tsibin sai ya ji danshi. Mutumin ya ba da hanzarin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi bai zarge shi kan ruwan ba. Ya zarge shi ne kan binne jiƙaƙƙen a ƙasa inda mai saye ba zai gani ba, kuma ya barranta daga mai algushu. Ku duba, 'yan'uwa, ai kamar a kanmu aka yi wannan hukunci. Simintin da ya daskare aka daka aka mayar buhu, wanda zai sa ginin wani ya rufta wa iyalinsa. Irin shuka da ya jiƙe ba zai tsiro ba. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, waɗanda gubarsu hanta take ci, aka shanya aka cakuɗa da masu kyau. Ka faɗi aibin kayanka, ka rage kuɗi, Allah Ya sa wa ɗan abin da ka samu albarka.

Kai kuma mai kaya, in tela ya zo ya ce maka yadinka ya ɓaci, kuma ka san ruwa ya ci shagonsa har da kekensa, ka sassauta. Allah Ya umarce mu a Suratul Baƙara da mu jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, Ya kuma nuna yafewa ta fi.

Kada wajen gyara naka ka ɓata na maƙwabci. Baƙin mai da ruwan batir da ragowar maganin feshi ba a tuttular su a kwata ko kududdufi, inda dabbobi ke sha yara ke wanka. A tara a jarka. Taɓon da ka kwaso kuma kada ka jibge shi a magudana, ruwan gaba gidan wani zai koma.

Ina kira ga limamai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin sana'a: ku sa ranar aikin gayya, a fara da shagon tsoho da gidan marayu. In hukumar agajin gaggawa ta jiha ta zo ɗaukar sunaye, a rubuta wanda ya yi asara, ko da ba shi da kowa a sakatariya. Wanda kuma yake riƙe da kayan wani da ruwa ya taɓa, ya je ya faɗa masa yau kafin magariba. Allah Ya ba mu ikon yi.