Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Akwai wata tambaya da ya kamata mu yi shawara a kanta tare, gama ta riga ta iso ƙofar gidanmu. Ga tambayar: in mutum ya ƙaga hoton abin da bai taɓa kasancewa ba, ya koya wa na'ura gani da wannan hoto, sa'an nan ya sa na'urar ta riƙa yanke hukunci a kan mutane masu rai, ya yi ƙarya ko kuwa bai yi ba? Kafin mu amsa, bari mu bayyana abin da kansa, domin kada mu yi gardama a kan abin da ba mu fahimta ba.

Yadda ake koya wa na'ura gani

Abin da ake kira idon na'ura shi ne kyamara haɗe da kwamfuta. Ita kanta ba ta gane kome. Sai an nuna mata hotuna dubu dubai, kowane ɗaya da sunansa: wannan jaki ne, wannan mota ce, wannan yaro ne. A hankali takan koyi rarrabewa. Wani babban rumbun hotuna mai suna ImageNet, wanda aka fitar a Amurka a 2009, ya kai hotuna fiye da miliyan 14, mutane ne kuwa suka sa musu suna ɗaya ɗaya. Aikin yana cin kuɗi, yana kuma cin lokaci.

Saboda haka masana suka nemi gajeriyar hanya. Suka gina duniyar kwaikwayo a cikin kwamfuta, da tituna, da gidaje, da rana, da ruwan sama. Suka sa kyamarar kwaikwayo a ciki ta riƙa ɗaukar hoto. Tun da yake kwamfuta ce ta yi kowane abu a wurin, ta san sunan kowane abu ba kuskure. Wannan dabara tana da amfani biyu. Na fari, injiniya yakan gwada inda zai rataye kyamara, da irin gilashi da fitilar da za su dace, tun bai sayi ko ƙusa ba. Na biyu, ana samun hotunan koyarwa iyakar yadda ake so. A 2016 waɗansu masana a Jamus suka ɗebi hotuna wajen 25,000 daga wani wasan kwamfuta mai suna Grand Theft Auto V domin koya wa na'ura gane titi. A 2017 aka fitar da CARLA, watau birnin kwaikwayo inda motoci marasa direba suke koyon tuƙi. A 2021 kuma kamfanin Microsoft ya fitar da hotuna 100,000 na fuskokin mutanen da ba uwar da ta haife su.

Wani zai ce, me ya haɗa wannan da mutumin Daura? Abu da yawa. A zaɓen 2023 na'urar BVAS ce ta dubi yatsa ko fuskar mai zaɓe kafin a ba shi takardar ƙuri'a. Wurin yin katin ɗan ƙasa da wurin banki, kyamara ce take fara duban mutum. A 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, a 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Sufuri yana cikin wuraren da aka fi aiki da irin wannan ido a duniya. Samarin Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa da suke karatu yau, waɗansunsu ne za su sayi waɗannan na'urori gobe, ko su ƙera su.

Ba kowane ƙage ne ƙarya ba

Waɗansu sukan yi saurin cewa, abin da ba gaskiya ba ƙarya ne, shi ke nan. Mu dai ba mu yarda da wannan ba. Ku dubi yaron tela. Maigidansa ba ya damƙa masa shaddar mutane ran da ya zo. Takarda yakan ba shi ya yanka, ya bi layi da allura har hannunsa ya faɗa. Rigar takarda ba riga ba ce, duk da haka ba wanda aka ruɗa, gama kowa ya san ta koyo ce. Haka kuma kaka in ta zauna da jikoki da dare tana ba su labarin Gizo da Ƙoƙi, takan buɗe da kalmar da kowa ya san ta tatsuniya ce, ta rufe da ƙurunƙus. Yaran sun koyi ƙarshen mai haɗama, ba kuwa wanda ya fita neman gidan Gizo da safe.

Har ma akwai alheri a cikin ƙagaggen hoto wanda hoton gaskiya ba shi da shi. In muna so na'ura ta gane yaro da ya faɗo kan titi a gaban babbar mota, yara nawa za mu jira su faɗo domin mu ɗauki hotonsu? A duniyar kwaikwayo ana iya maimaita wannan sau dubu goma ba a zubar da jini ba. Akwai kuma batun mutunci. Kamfanoni da yawa sun kwashi hotunan mutane daga intanet ba da izninsu ba. A ƙasarmu, inda maigida ba ya so baƙo ya ɗauki hoton iyalinsa, fuskar da ba ta kowa ba tana iya rufa wa mutane asiri. Wanda ya yi aiki da ita saboda wannan dalili ya yi abin kirki.

Inda ƙaryar take farawa

To, ina laifin yake? Ga shi: mai gina duniyar kwaikwayo ba ya iya sa abin da bai taɓa gani ba, ko bai tuna da shi ba. Fuskokin nan na Microsoft, duk yawansu, an tsamo siffarsu ne daga awon fuskokin mutane 511. Rijiya ba ta ba da ruwan da ba ya cikinta, kome tsawon igiyar guga.

Wannan matsala ta girmi kwamfuta. A shekarun 1950 kamfanin Kodak yakan aika wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, domin su daidaita launi da shi. Shekaru da yawa baƙar fata yana fitowa a hoto kamar inuwa, har mutane suka ɗauka haka Allah ya yi fuskarsu ba ta karɓar hoto, alhali ma'auni ne bai san da su ba. A 2018 Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana, da Timnit Gebru, haifaffiyar Habasha, suka gwada na'urorin manyan kamfanoni uku masu rarrabe namiji da mace. A kan maza farar fata kuskure bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan mata baƙar fata ya kai kusan kashi 35. A 2019 hukumar awo ta gwamnatin Amurka ta gwada hanyoyin gane fuska 189, ta iske da yawansu sun fi ɗaukar wani a matsayin wani in fuskar ta mutanen Afirka ta Yamma ce, ko Afirka ta Gabas, ko Gabashin Asiya.

Dole mu faɗi gaskiya, yawancin waɗannan na'urori da hotunan mutane na ainihi aka koya musu, sai dai an tara na waɗansu da yawa, na waɗansu kaɗan. Ƙagaggen hoto yana iya cike wannan giɓi in mai yinsa ya kula. In kuwa bai kula ba, yakan ninka mantuwarsa sau dubu ɗari, yawan kuma ya sa shi kansa ya gaskata aikinsa cikakke ne.

Manomi ma yana da rabo a wannan magana. A 2016 masana suka koya wa na'ura gane cutar ganye da hotuna fiye da 54,000, na ganyen da aka tsinka aka shimfiɗa a wuri mai tsabta. A kan irin waɗannan hotuna ta ci fiye da kashi 99. Da aka nuna mata hotunan da aka ɗauka a wani hali dabam, sai ta faɗo zuwa wajen kashi 31. Ganyen wake a gonar Sandamu, da ƙura a kansa da inuwar gero, ba ya kama da ganye a kan tebur. Wanda ya sayar da maganin feshi bisa ga maganar irin wannan na'ura, kuɗin talaka ya ci.

Wani lokaci abin yakan kai ga rai. A watan Maris na 2018, a garin Tempe na jihar Arizona a Amurka, motar gwaji ta kamfanin Uber ta buge wata mace da dare tana tura keke tana ƙetare titi, ta mutu. Hukumar bincike ta iske na'urar ta hango ta fiye da daƙiƙa biyar kafin karon, amma ta yi ta sāke shawara ko mota ce, ko keke, ko wani abu. Ba a shirya ta domin mai ƙetarewa a inda ba a zana wa masu tafiya a ƙasa ba. Mai tsaron da ke cikin motar kuma hankalinta yana kan waya.

Yanzu ku kawo wannan ido kan hanyar Daura zuwa Kongolam ran kasuwar Mai'aduwa. Ga raƙumi da kaya, ga amalanken shanu, ga babur ɗauke da mutum huɗu da akuya, ga hazon hunturu ya rufe gari. Ko ku sa shi a gaban dattijo mai rawani da amawali, ko tsohuwa mai zane a kumatu. In birnin kwaikwayo ba shi da raƙumi, me na'urar za ta kira shi? Masana sun san wannan, suna kuma da magani: sukan sa kwamfuta ta riƙa sāke launi da haske da wurin kowane abu barkatai, domin na'ura ta saba da bambanci. Dabara ce mai kyau, tana kuma aiki. Amma abin da aka lissafa kaɗai ake jujjuyawa. Ko an sāke launin mota sau dubu, ba za ta zama raƙumi ba.

Mudu na gaskiya

Amsarmu ke nan. Ƙaga hoto domin koyarwa ba ƙarya ba ne. Ƙarya tana farawa sa'ad da mutum ya gwada na'urarsa a duniyar da shi kansa ya gina, sa'an nan ya zo kasuwa ya ce tana ganin kowa. Wannan daidai yake da mai awo wanda ya bubbuge gindin mudunsa, yana rantsuwa cike yake. Kowane hoto shi kaɗai ba shi da laifi, shaidar da aka bayar da su ce ta zur.

Saboda haka kowa yana da nasa nauyi. Mai ƙera na'ura ya faɗi a fili da wane irin hoto ya koya mata, da kuma wanda bai sa ba. Ya fita daga ɗakinsa ya je ya duba, gama gani ya kori ji. Abin mai yiwuwa ne: masu yin wayar Tecno sun gyara kyamararsu domin baƙar fata, mutanenmu kuwa suka saya. Hukuma ko ɗan kasuwa mai saye kada ya yarda da takardar sakamako daga wata ƙasa. Ya ce a gwada a nan, cikin hazo da tsakar rana, a kan mutanen nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗalibanmu kuma su sani, sanin gida ilimi ne. Yaron da ya san bambancin bunaji da rahaji, da yadda ƙura take canza hasken la'asar, yana riƙe da abin da babban injiniya na waje ba shi da shi. In zai gina duniyar kwaikwayo, ya sa mutanensa a ciki.

Akwai nauyi na ƙarshe, wanda ya hau kan kowane ma'aikaci da ke zaune a bayan irin wannan na'ura. Tsohuwa takan taso daga ƙauye da asuba, ta biya kuɗin mota, ta tsaya a layi, sa'an nan a ce mata, "Baba, na'ura ta ƙi ki." Takan koma gida tana tsammani aibin a fuskarta yake. Na'ura ba ta ƙin kowa, ba ta da zuciyar ƙi. Wani ne a wani wuri bai tuna da irin wannan fuska ba, wani kuma a gabanta ya zaɓi ya gaskata allo ya ƙi idonsa. Ma'aikacin kirki yakan tashi ya nemi wata hanyar tabbatarwa, ya kuma rubuta wa na gaba da shi cewa ma'aunin yana da rauni.

'Yan'uwa, kada mu ji tsoron sabon abu, kada kuma mu rusuna masa. Bari mu karɓi hoton kwaikwayo kamar yadda tela yake karɓar takardar koyo, mu yi aiki da shi, mu gode. Amma in an zo yanka rigar maƙwabcinmu, sai mu auna maƙwabcin kansa.