Magili da Majami'ar Yahudawan Tuwat

Wajajen 1492 malaman Magrib sun rabu kan tambaya guda: ya halatta Yahudawan Tamantit, a yankin Tuwat, su riƙe majami'arsu a ƙasar Musulmi? Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ce a ƙyale su, tunda 'yan amana ne, kuma hakan ya fi kusa da abin da aka saba. Amma Shehu Magili, ɗaya daga cikin malaman, ya kafe cewa sun warware amana da cusa kai wurin masu mulki, kuma malami al-Tanasi na Tilimsan ya goya masa baya. Aka rushe majami'ar. Bayan haka Magili ya nufo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Fatawoyin ɓangarorin biyu suna cikin littafin Mi'iyar na Wansharisi, kuma manazarci John Hunwick ya bi diddiginsu a littafinsa na 2006.