Mudun da Magoya Baya Ke Awo da Shi

Idan mutum ya yi wa jama'a aiki shekara da shekaru, sa'an nan ƙarfinsa ya ragu, ko kuwa ya tashi ya koma wani wuri, da wane mudu ya kamata a auna shi? Da aikin da ya yi duka, ko da ranar rabuwa kaɗai? Wannan tambaya tsohuwa ce, amma ba inda a ke ganinta fili kamar filin ƙwallon ƙafa, domin can ne dubban mutane ke yanke wa mutum ɗaya hukunci da babbar murya.

A arewacin birnin Landan akwai wani kulob da a ke kira Arsenal, wanda ke da magoya baya har a garuruwan Hausa. Cikin 1996 kulob ɗin ya ɗauko wani Bafaranshe, Arsene Wenger, daga ƙasar Japan, aka naɗa shi manaja, watau mai koyar da 'yan wasa da tsara su. Ya ci musu babbar gasar Ingila sau uku, cikin 1998 da 2002 da 2004. A na ukun nan suka yi wasa 38 ba wanda ya ka da su ko sau ɗaya. A kwanakin nan in wani ya ce Wenger na da aibu, sai a dube shi kamar mai taɓin hankali.

To, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Cikin 2006 kulob ya bar tsohon filinsa na Highbury, mai ɗaukar mutum wajen 38,000, ya koma sabo mai ɗaukar wajen 60,000. Ginin ya jawo bashi mai nauyi, kuɗin sayen gwanaye ya yi ƙaranci, har aka riƙa sayar da na hannu. Daga 2005 zuwa 2014 ba su ci wani kofi ba. Sai magoya baya suka rabu biyu. Cikin watan Maris na 1917 ba wanda zai yi mafarkin irin abin da ya faru shekara ɗari bayansa: cikin Maris na 2017, a ranar wani wasa, jiragen sama biyu suka bi ta bisa fili, ɗaya na jan ƙyalle mai cewa Wenger ya tafi, ɗaya na jan mai cewa a girmama shi. Cikin 2018 ya sauka, bayan shekara ashirin da biyu.

Masu cewa ya tafi suna da hujja, kuma bai kyautu a raina ta ba. Su ke biyan kuɗin shiga fili, su ke shan sanyi a tsaye, su ke jure wa ba'ar maƙwabta. Aikin jiya ba ya ba mutum ikon riƙe kujera har abada, kuma faɗa wa shugaba cewa lokacinsa ya yi ba butulci ba ne. Inda aka ɓata shi ne wajen zagi da ƙasƙanci, da cewa wai bai taɓa tsinana kome ba. Shekara ashirin a jere bai bar kulob ya faɗi ƙasa da na huɗu ba, aka mai da wannan abin dariya. Bayan tafiyarsa suka ƙare a na takwas cikin 2020, suka sake cikin 2021. A sa'an nan ne mutane da yawa suka gane nauyin da dattijon ke ɗauke da shi. Cikin 2023 aka kafa mutum-mutuminsa a ƙofar filin. Mutumin bai sāke ba tsakanin 2017 da 2023. Fushin jama'a ne ya huce.

Labarin 'yan wasa ya fi wannan ban mamaki. Kulob ɗin Tottenham maƙwabtan Arsenal ne, kuma manyan abokan gabarsu. Cikin 2001 kyaftin ɗin Tottenham, Sol Campbell, wanda ya tashi a hannunsu tun yana yaro, ya bari wa'adinsa ya ƙare, ya ƙetara zuwa Arsenal ba a biya tsohon kulob ɗinsa ko kwabo ba. Mutanen Tottenham suka sa masa suna maci amana. Mutanen Arsenal kuwa suka ce ai mutum ne mai hankali, ya bi inda nasara ta ke.

Bayan shekara goma sha ɗaya sai abin ya juyo kansu. Kyaftin ɗinsu, Robin van Persie, mutumin Holan, ya ci ƙwallo 30 a gasar da ta ƙare cikin 2012, sa'an nan ya koma Manchester United, ya ci gasar tare da su a shekara mai zuwa. Nan take mutanen Arsenal suka ɗauko sunan nan da a ke kiran Campbell suka liƙa masa. Suka ce kulob ya yi ta jinyarsa shekaru yana fama da rauni, da ya warke ya gudu. Gaskiya ne akwai ciwo a nan. Amma shi ma ya yi musu shekara takwas, ya kai shekara ashirin da tara, kofi babba ɗaya tak ya gani. Ƙarfin ɗan wasa ba ya daɗewa, kuma kulob ba ya jin kunyar sallamar wanda ƙafarsa ta gaji. Abin da Campbell ya yi aka tafa masa, kusan shi van Persie ya yi aka tsine masa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kada a ɗauka magoya baya ba su san halacci ba. Nwankwo Kanu, ɗan Nijeriya, ya yi wa Arsenal wasa daga 1999 zuwa 2004. Ran nan cikin Oktoba na 1999 Chelsea na gaba da ci biyu, saura minti goma sha biyar a tashi, ya zuba musu uku shi kaɗai. Ya bar kulob cikin lumana, kuma ba a ambaton sunansa sai da alheri. Amma a lura, riƙe halacci ga wanda bai ɓata wa mutum rai ba abu ne mai sauƙi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Abin da hankali ya nuna shi ne, mai goyon baya yana da ikon baƙin ciki, yana da ikon neman a sāke shugaba, amma ba shi da ikon shafe abin da ya wuce. Ƙwallon da aka ci an ci, murnar da aka yi an yi, fushin yau ba ya mai da su ƙarya. Kuma mudun da ya auna na maƙwabci da shi, da shi zai auna nasa.

Wannan magana ba ta tsaya a bakin fili ba. Kowane gari yana da tsohon malamin makaranta da aka daina gaisarwa, da dagacin da aka tuɓe aka manta rijiyar da ya haƙa, da yaron shago da ya kafa nasa aka kira shi butulu. Samari suna kallon yadda a ke yi da waɗannan, daga nan su ke koyon ko yi wa jama'a aiki yana da riba. Jama'ar da ke jifan tsofaffin ma'aikatanta tana koya wa sababbi su ci nasu su gudu tun da wuri. Wadda kuwa ta iya cewa, “Lokacinka ya yi, mun gode,” ba za ta rasa masu yi mata aiki da zuciya ɗaya ba.