Ɗakin da Aka Ce An Kama

Ɗalibi ya je neman ɗakin haya a Samaru, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello. An daidaita kuɗi. Da mai gida ya ji sunansa da garinsu, sai ya ce an riga an kama ɗakin. Kada mu yanke hukunci da zato: a aiki aboki ya tambaya kashegari. In ɗakin yana nan, an gane wariya ce. Kada ɗalibin ya ɓoye sunan baftismarsa saboda makwanci. Ya sanar da ofishin kula da ɗalibai. Amma mu masu gidaje fa? Ɗalibai Musulmi nawa muka mayar daga ƙofa, bayan mun fito Misa muna tausayin Maryamu da Yusufu da suka rasa masauki a Baitalami?