Daren Banban da Daren Ƙauyenmu: Wa Ke Tsare Mutum Idan Hukuma Ta Janye Hannu?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan wata sallar Juma'a a cikin hunturun da ya wuce, wani saurayi daga cikin 'yan uwanmu masu tuƙin mota a nan Riyad ya ja ni gefe, ya ce: "Baba, akwai abin da ya tsaya mini a rai." Ya ce a darare uku na watan Disamba yana jigilar mutane zuwa Banban, can bayan gari ta arewa, inda ake babban taron kiɗa da rawa, kuma abin da ya samu a dararen nan ya fi na mako biyu. Da kuɗin ya biya wa ƙannensa makaranta a gida. Sai ya ce: "Abin da ban gane ba shi ne, da can a garin nan ko sautin kiɗa aka ji a motarka sai a tsayar da kai. Yau kuwa da izinin hukuma ake taron. Jiya ne aka yi kuskure, ko yau?"

Na daɗe ina juya tambayar nan, domin ta shafi kowane ɗayanmu. Da yawa daga cikinmu mun zo ƙasar nan da kwanciyar hankalin cewa ko ba komai, gari zai taya mu tarbiyya. Wasu sun ɗauko iyalansu daga Kano ko Maraɗi saboda wannan zato. Yanzu katangar da muka jingina da ita ta matsa, ya zama dole mu duba ƙafafunmu.

Bari mu fara da abin da ya faru a gaban idonmu. A watan Afrilun 2016 aka karɓe ikon kama mutane daga hannun hukumar umarni da kyakkyawa da hani da mummuna, wadda aka fi sani da Hai'a. A watan ne aka ƙaddamar da shirin nan na 2030, wata ɗaya bayansa kuma aka kafa hukumar nishaɗi ta ƙasa. A 2018 aka sake buɗe gidajen sinima bayan sun yi fiye da shekara talatin a rufe. A 2019 aka fara bikin Mausimur Riyad, a Disamban shekarar kuma aka yi taron Soundstorm na farko a Banban, wurin da dattawan garin nan suka sani da gonaki da raƙuma da rairayi. Giya dai tana nan a haramce ga jama'ar ƙasa tun 1952, ko da yake a farkon 2024 an buɗe kanti guda a unguwar jakadu domin ma'aikatan jakadanci waɗanda ba Musulmi ba.

Mu kuwa a gida, tafiyarmu ta bi ɗaya hannun. Duk wanda ya tashi a karkara ya san dandali: farin wata, 'yan mata na gaɗa, mai kalangu na tsaye, samari na kewaye, sarkin samari na lura da kowa. Bayan an kai amfanin gona rumbu sai a yi kalankuwa, ƙauyuka su gayyaci juna, a yi dambe da kokawa da rana, a kwana ana kiɗa. Ba zan yi wa zamanin nan kwalliyar da ba tasa ba, domin a cikinsa aka san tsarance, kuma a gefen wasu kasuwannin akwai rumfar burkutu da gidan magajiya. Amma dandali fili ne a tsakiyar gari, uwa na jin muryar 'yarta daga cikin gida, kuma wanda ya yi rashin kunya gobe da safe zai haɗu da kawun yarinyar a hanyar gona. Daga baya wa'azi ya yi ƙarfi, dandali ya yi ta mutuwa. A Oktoban 1999 Zamfara ta shelanta aiki da shari'a, jihohi suka bi sahu, Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, ta ba Hisba doka a 2003. To, ina samarin suka tafi? Wasu sun tafi islamiyya, alhamdu lillahi. Wasu kuwa sun koma gidan gala: a kewaye fili da langalanga a bakin gari ranar kasuwa, a tada janareto, a kafa lasifika, a biya kuɗin ƙofa, 'yan matan da aka ɗauko daga wani gari su yi rawa, ana yi musu liƙi har asuba. Babu uwa kusa, babu kawu, babu sarkin samari.

Ga garuruwa biyu na Musulmi ke nan, ɗaya ya ƙara ƙulli, ɗaya ya sassauta, duk a cikin shekarun da yawancinmu muka shaida. Darasin farko da na ɗauka daga nan shi ne dokar hukuma daban, hukuncin Allah daban, halin zuciya kuma daban. Dokar hukuma tana bin maslahar da masu mulki suka hango, ta tattalin arziki ko ta siyasa ko ta tsaro, saboda haka tana juyawa. Wanda ya ɗaura taƙawarsa a jikin doka, ranar da doka ta juya za ta juya da shi. Kuma a zamanin tsanantawar ma, wanda ya daɗe a garin nan ya san hanin bai kashe sha'awa ba. Tun da aka buɗe gadar Sarki Fahad a 1986, an san abin da ke kai wasu Baharen a ƙarshen mako, an kuma san cewa cikin gidajen hutun nan masu doguwar katanga da ake haya a bayan gari, waɗanda ake kira istiraha, akwai na zumunci da walima, akwai kuma waɗanda Allah kaɗai ya san abin da dare ya rufe a cikinsu. Hani yana kare mai rauni da yaro, wannan gaskiya ce da ba a raina ta. Amma wanda bai yi saɓo ba don ƙofa a kulle take, ba a san matsayinsa ba tukuna sai ranar da aka ba shi mabuɗi.

Sai mu koma ga hukuncin, wanda ba ya jiran sanarwar kowace hukuma. A nan wajibi ne mu raba abin da malamai suka haɗu a kai da abin da suka saɓa. Giya haramun ce da nassin Suratul Ma'ida, babu malamin da ya yi jayayya. Zina da abin da ke ja zuwa gare ta, da tsiraici, da barin salla har lokacinta ya fita, da ɓarnatar da dukiyar da iyali ke da haƙƙi a kai, duk waɗannan babu saɓani a cikinsu. Shi kuwa kiɗa da waƙa a karan kansu, magana ta daɗe. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa, suka keɓe mandiri a biki da idi, kuma an ruwaito daga Ibnu Mas'ud cewa ya fassara aya ta 6 a Suratu Luƙman da waƙa. Ibnul Ƙayyim ya tsananta ƙwarai a kai. Ibnu Hazam na Andalus kuwa ya halatta, domin hadisan hanin ba su inganta a wurinsa ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u domin wannan mas'ala, ya nuna cewa hukuncin sauraro yana bin abin da ake faɗa, da wanda ke faɗa, da halin mai ji, ya kuma ja hankali ga lokaci da wuri da abokan zama. A ƙasarmu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa shagaltuwa da ganguna da kaɗe-kaɗe dare da rana ba da wata manufa ta shari'a ba a cikin aibobin da ya ga sarakunan Hausa da su, a littafinsa Kitabul Farƙi. Shi ɗin ne kuma ya yi ta gargaɗin almajiransa kada su gaggauta kafirta mutane ko su tsananta inkari a kan abin da malamai suka saɓa.

Idan muka ɗauki ma'aunin lokaci da wuri da abokan zama muka kai gidan gala, ba sai an yi dogon bincike ba. Ana farawa bayan lisha a tashi da kiran assalatu, an zaɓi bakin gari don gudun idon dangi, kuma abin da ke zagayawa tsakanin samarin, daga ƙwaya zuwa ruwan maye, kowa ya sani. Amma adalci ya hana mu ajiye ma'aunin a nan. Dole mu ɗauke shi mu kai Banban, mu auna da shi yadda muka auna can. Na lura da wani hali a tare da mu: yarinyar da ke rawa a gala don ta sami abin kai wa uwarta muna da suna mai muni da muke kiran ta da shi, amma ɗan mai hali da ya sayi tikiti da riyal ɗaruruwa ya kwana yana tsalle cikin cakuɗar maza da mata, sai mu ce ya je shaƙatawa. Hasken lantarki da tsadar tikiti da izinin hukuma ba sa wanke abin da ke da dauɗa, kamar yadda langalanga da ƙura ba su ne suka ɓata gala ba. In ma za a tausaya wa ɗaya daga cikinsu, yarinyar ta fi cancanta, domin yunwa ce ta kai ta, kuma mazan da ke yi mata liƙi da dare su ne ke zagin ta da rana.

Na san wani zai ce: maganar saɓanin malamai buɗe ƙofa ce, gara a ce duka haramun a huta. Ina girmama wannan tsoro, kuma mazhabarmu ta Malikiyya ta shahara da toshe kafar ɓarna tun kafin ta auku. Wanda ya bar kiɗa gaba ɗaya don tsantseni ya kama igiya mai ƙarfi, ba ni da abin ce masa sai Allah ya ƙara tabbatarwa. Abin da nake tsoro shi ne abin da ya sami saurayin nan. An haɗa masa kalangun biki da kwalbar giya a kwando ɗaya, aka ce masa nauyinsu ɗaya. Ranar da ya ga an fitar da ɗaya daga kwandon a ƙasar da yake ganin ita ce ma'aunin addini, sai ya fara shakkar kwandon gaba ɗaya. Yaron da aka koya wa bambancin abin da aka haɗu a kai da abin da aka saɓa, sauyin doka ba ya girgiza shi, domin ya san inda tushe yake.

Wani kuma zai ce: a bar kowa ya yi abin da ya ga dama, rai ma yana son hutu. Rabin maganar gaskiya ne. Ya tabbata a cikin Buhari cewa 'yan mata biyu sun yi waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tsawata musu, kuma ya bar ta ta kalli wasan Habashawa a masallaci. Addinin da ya san wannan ya san zuciya na gajiya. Sai dai daren mutum ba nasa ba ne shi kaɗai. Riyal ɗin da ya tafi a dare ɗaya akwai tsohuwa a Funtuwa ko Tasawa da ke jiran sa, asubar da aka yi barci a kanta akwai Mai ita, kuma ɗan da ke kallon ubansa yana rubuta darasi ko ba a ba shi allo ba.

Akwai kuma laifin da ya hau kanmu mu manya. Mun iya hani, ba mu iya tanadi ba. A gida mun rufe dandali ba mu buɗe komai a madadinsa ba, gala ta cike gurbin. A nan kuwa, saurayi yana aiki awa goma sha biyu, ya koma ɗakin da suke kwana su shida a Bad'ha ko Manfuha, ba mata, ba dangi, ba mai tambayar sa ya ya kwana. Idan daren Juma'a ya yi, mu masu iyali muna cikin gidajenmu, shi kuwa gari duk haske yana kiran sa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kaɗaici ne tsagar da ke bangon samarinmu. Istirahar da wasu ke haya don ɓarna, mu ma muna iya haɗa kuɗi mu kama ta sau ɗaya a wata: a tuƙa tuwo, a gasa nama, matasa su buga ƙwallo, masu begen Annabi su yi, masu tatsuniya da kacici-kacici su tuna wa yaran da aka haifa a nan harshen iyayensu, a yi dariya har a ƙoshi, a yi lisha cikin jam'i, a watse da wuri. Wannan bai fi ƙarfin ƙungiyarmu ba.

Shi kuwa saurayin, na ce masa hukuncin kuɗinsa ya kai wa malami, ya faɗa masa komai ba ragi, domin malamai sun bambanta tsakanin wanda ke aikinsa na yau da kullum yana ɗaukar duk wanda ya tsayar da shi, da wanda ya je takanas ya yi dako a ƙofar wurin da ya san abin da ake yi a ciki. Sannan na tambaye shi abu uku: ko ya sami asuba a kan lokaci a kwanakin nan, ko idonsa ya dawo gida yadda ya fita, ko kuma zai iya gaya wa mahaifiyarsa inda kuɗin makarantar ya fito ba tare da ya sassauta murya ba. Ya yi shiru, ya ce biyu daga ciki ba zai iya amsawa da daɗi ba. Na ce masa to, ai Hai'ar da ta fi muhimmanci tana nan a ƙirjinka, ba wanda ya karɓe mata iko. Ya yi murmushi, ya ce in an shirya zaman istirahar, shi zai kwaso mutane a motarsa kyauta.

Allah ya tsare mana imaninmu a inda ake ganin mu da inda ba a gani, ya shirya mana zuriya, ya ba ƙasar da ta karɓi baƙuncinmu da ƙasashenmu na asali zaman lafiya. Allah shi ne mafi sani.