Shin Ƙiba Alamar Arziki Ce?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

'Yan'uwa, duk manomin ƙasar Malumfashi ya san bambancin san huɗa da san turka. San huɗa yana cin dusa da harawa, amma ba ya ajiye kitse, domin garma ta cinye. San turka kuwa an ɗaure shi wuri guda ana ta tura masa, cikin 'yan watanni sai ya cika ya batse. Abin mamaki shi ne, mun san wannan ga dabba, amma mun kasa ganinsa ga kanmu.

Ku dubi yadda abin ke faruwa. Mutum ya tashi yana sammako zuwa gona a ƙasa, ya yini da fartanya, ya dawo ya share akushin tuwon masara, jikinsa garau. Can Allah ya buɗa masa, auduga ta yi kuɗi, ya sayi babur, ya ɗauki 'yan ƙwadago, ya koma zaman rumfa yana cinikin hatsi da dillalan Funtua da Dandume. Aiki ya tafi, amma akushi bai ragu ba, sai ma ƙarin tsire da lemon kwalba da shayi mai zaƙi. A cikin gida ma injin niƙa ya karɓi aikin turmi. Idan tumbi ya fito, sai mu ce, "Alhaji, hutu ya karɓe ka!" Shin gaskiya muka faɗa masa?

Wadata ni'ima ce, babu shakka, kuma babu laifi ga wanda ya huta bayan wahala. Amma jiki ba mallakarmu ba ne, amana ce, kuma hadisi ya tabbata cewa za a tambayi bawa yadda ya ƙarar da shi. Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta hana ɓarna. Tirmizi kuma ya ruwaito umurnin raba ciki uku, watau kason abinci da na ruwa da na numfashi. Wanda ya mai da kaso ukun nan na tuwo, ya ci haƙƙin mai amana.

Wani zai ce, ai girma ne ya zo, jiki ya daina ƙona abinci. To, a 2021 mujallar kimiyya ta Science ta buga binciken da aka yi kan mutum fiye da 6,400 daga ƙasashe 29. An gano cewa yadda jiki ke ƙona abinci ba ya sauyawa sosai daga shekara 20 har zuwa 60, sai bayan nan yake raguwa sannu a hankali, ƙasa da kashi 1 cikin 100 a shekara. Ashe tumbin ɗan shekara 45 ba laifin shekaru ba ne, laifin zama ne da akushi. Abin da tsufa ke ci shi ne tsoka, kuma tsokar da ba a mora ta fi saurin zagwanyewa.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta nemi baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau kamar rabin awa a kwana biyar. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya yi tsere da Nana A'isha ta tsere masa, daga baya da ta yi jiki suka sake, ya tsere mata. Muslim kuma ya ruwaito cewa da Banu Salima suka so su taso kusa da masallaci, sai ya ce su zauna inda suke, domin ana rubuta musu takunsu. Ina wanda ke tayar da babur don masallacin bayan gidansa?

Amma a yi hattara. Ba kowace ƙiba ce ta haɗama ba; wata gado ce, wata ciwo, kuma izgili haramun ne. Haka nan ramar tsoho ba shaidar tsoron Allah ba ce, sau da yawa yunwa ce, kuma haƙƙinsa ne 'ya'yansa su tanadar masa wake da nono da zogale. Mai hawan jini ko ciwon sukari kuwa, ya nemi shawarar likita kafin ya sauya ci ko ya soma doguwar tafiya.

Abin da ke gabanmu ba kyan gani ba ne. Gwiwa ce da za ta ɗauki ruku'u da sujada, da ƙafar da za ta yi safa da marwa, tafiyar kusan kilomita 3. Wane arziki ne wannan, mutum ya tara kuɗin kujerar Makka, amma ya rasa ƙafar ɗawafi?

Saboda haka ya ɗan'uwa, ka rage malmala ɗaya, ka je masallaci a ƙasa, ka riƙa zaga gonarka da ƙafarka. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya sa mu tsufa da ƙarfin bauta masa, amin. Wassalam.